Amanar Taya: Kada Mu Ci Moriyar Ganga Mu Yada Kwaurenta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore mana abin da ke bisanta da abin da ke cikinta, Ya kuma ɗora mana amanar rayar da ita. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa a kan taya take. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa wa'azi da tayar mota? To, mu duba da kyau. Hatsin da muke ci bisa taya yake zuwa kasuwa. Mai naƙuda bisa taya ake kai ta asibiti. Jirgin da ke ɗaukar alhazai bisa taya yake tashi, bisa taya yake sauka. Kabu-kabu da amalanke da kurar ƴan garuwa duka da ita suke tafiya. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, bayan Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya sanar da mu cewa Yana halittar abin da ba mu sani ba, kuma malamai da dama sun fahimci cewa abubuwan hawa na wannan zamani sun shiga cikin wannan magana. Ashe kenan taya ni'ima ce. Ni'ima kuwa, kamar yadda ƙarshen Suratut Takasur ya karantar da mu, abar tambaya ce ranar gobe: yaya muka same ta, yaya muka more ta, kuma ina muka jefa ta bayan ta gama yi mana aiki?

Daga ina taya take fitowa?

Asalin roba ƙaro ne fari mai kama da madara, wanda ke tsattsafowa daga jikin wata itaciya da Allah Ya tsirar a dazukan Barazil. Cikin 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irinta kimanin 70,000 zuwa Ingila, daga can aka kai dashenta Siri Lanka da Malesiya. Yau Tailan ce kan gaba wajen nomanta a duniya, a Afirka kuwa Kodibuwa ce. Manomi yakan jira shekara 6 ko 7 kafin itaciyar ta isa tsagawa, sannan ya riƙa fita da sassafe yana yankar ɓawonta, ƙaron na ɗiga cikin ɗan ƙoƙo. Kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan roba wajen yin taya take tafiya.

Da fari robar ba ta da wani kirki: in zafi ya yi ta narke ta yi danƙo, in sanyi ya yi ta sandare. Sai cikin 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta takan yi ƙarfi ta jure zafi da sanyi. Cikin 1888 John Dunlop, likitan dabbobi, ya haɗa wa keken ɗansa taya mai iska, daga nan aikin ya bunƙasa. Tayar yau ba robar itace ce kaɗai ba. Akwai robar da ake sarrafawa daga man fetur, da baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda shi ke ba ta launinta da juriyarta, da wayoyin ƙarfe, da zaruruwa, da magunguna iri-iri.

Sabili da haka, duk tayar da muka gani yashe bakin hanya, mu sani an tara arzikin Allah ne a cikinta: itace daga daji, mai da ƙarfe daga ƙarƙashin ƙasa, da gumin bayin Allah da ba mu san su ba. Mu kuma sani, dafuwar nan da ta ba ta ƙarfi ita ce ta hana ta ruɓewa. Gara ba ta cin ta, ruwa ba ya narkar da ita, ƙasa ba ta haɗiye ta. Mai ita zai mutu, jikokinsa su tarar da ita inda ya jefar. Ana ƙiyasta cewa tayoyin da ke ƙarewa a duniya duk shekara sun kai kimanin miliyan dubu.

Rayuka ne bisanta

Ya ku bayin Allah, mota komai girman injinta, abin da ke haɗa ta da ƙasa shi ne taya, kuma wurin da kowace tayar ƙaramar mota ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Bisa wannan ɗan wuri rayukan fasinja suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 duk shekara, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan asara.

Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikin tayoyin da ke kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda suka gama wani aiki a Turai ko Asiya, aka yi shekara da shekaru ana shigo da su ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Sayen abu na hannu ba haramun ba ne, kuma talaka ba ya iya sabuwa kullum. Amma a ƙasashen Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, saboda haka wani abin da suka cire a matsayin shara shi ke zama haja a wurinmu. Wata tayar ma domin ƙanƙara aka yi ta, robarta mai taushi ce, sai ga ta bisa hanyar Yamai zuwa Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ko ta Tawa zuwa Agadas, cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an kuma labta wa motar kaya fiye da ƙima.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai layin rubutu da ya fara da haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ke faɗin lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, to cikin mako na 23 na shekarar 2018 aka yi ta. Kamfanin Michelin na shawartar a riƙa kai taya wajen masani duk shekara in ta kai shekara 5, a kuma sauke ta in ta kai 10, ko da zanenta bai cinye ba. Wannan ilimi ne ɗan kaɗan, amma yana iya tsare rai.

A nan muke jan kunnen ƴan uwanmu masu sayar da taya. Akwai masu ɗaukar tayar da ta suɗe, su sake sassaƙa mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe tsagewarta da baƙin mai ta yi ƙyalli, su ce wa mai saye lafiya lau take. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga duk mai algus. Littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu shi ma ya hana ɓoye aibin haja. To, in an yi wannan gargaɗi a kan jiƙaƙƙen hatsi wanda iyakarsa asarar kuɗi, ina ga tayar da za ta fashe da mutum goma sha tara a cikin mota?

Direba da mai mota su ma ba su fita ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 8 a ƙasar Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba na ɗaukar alhakin cutar da sakacinsa ya jawo. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora diyya da kaffara bisa wanda ya kashe mumini ko da cikin kuskure ne. Wanda ya ga waya ta leƙo daga tayarsa, ko ya ga ƙulli ya kumburo a gefenta, ya ce a hau Allah Ya kiyaye, wannan bai fahimci tawakkali ba. Mai raƙumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya sake shi ya dogara ga Allah, umurtarsa aka yi ya ɗaure tukuna. Auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, da rage lodi, da rage gudu, su ne dabaibayin raƙumin wannan zamani.

In ta ƙare: sauro da hayaƙi

Amanar ba ta sauka ranar da aka cire taya daga mota. A nan ne ma mafi yawanmu muke faɗuwa, ta hanya biyu.

Ta farko ita ce jefarwa. Duk yadda ka aje taya, in ruwan sama ya zuba sai ta riƙe wani abu a cikinta, ga duhu ga ɗumi, kuma abin da sauro ke nema kenan. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro mai tashi. Irin sauron da ya fi son taya shi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke ɗaukar shawara da zazzaɓin dengi, kuma da rana yake cizo, lokacin da babu mai kwance cikin gidan sauro. Cikin 1985 aka gano wani irinsa na Asiya a birnin Hustan na Amurka, bincike ya nuna cikin tsofaffin tayoyin da aka yi fataucinsu ya ƙetare teku. Cikin 2023 dengi ya kashe fiye da mutum 700 a maƙwabciyarmu Burkina Faso. Sauron masassarar da muka saba da shi ya fi son kududdufai, amma akwai wani iri na Asiya mai ɗaukar masassara da ke hayayyafa cikin randuna da tankuna da tayoyi, wanda aka gani a Jibuti cikin 2012, aka kuma gan shi a Najeriya cikin 2020. Tayar da ke bisa rufin kwanonmu don kada iska ta yaye shi, da wadda ke bayan gareji, da wadda ta toshe magudanar ruwa, duka ɗakunan haihuwar sauro ne da muka gina da hannunmu.

Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce ƙonawa. Wasu na ƙona taya don su ciro wayar cikinta su sayar. Wasu na ƙona ta bisa titi in ransu ya ɓaci. Wasu mahauta na babbake kai da ƙafa da fata da ita, don ta fi itace araha. Baƙin hayaƙin nan yana ɗauke da iskar da ke shaƙe numfashi, da sinadaran da likitoci suka tabbatar suna jawo ciwon daji. Yana tayar da asma, yana cin huhun yara da tsofaffi. Masu bincike a Gana da Najeriya sun auna fatar dabbobin da aka babbake da taya, suka sami gubar ƙarafa da ragowar hayaƙin a cikinta. Dabba halal ce, yanka ya inganta, amma Allah da Ya halatta mana abinci cewa Ya yi mu ci halal mai daɗi mai tsarki. Muna roƙon mahauta, da magidanta ranar Layya, kada gutsuren taya ya kusanci wutar da nama zai hau.

In tayoyi suka taru da yawa, wutarsu ba ta jin ruwa. Cikin 1983 a jihar Bajiniya ta Amurka tsibin taya kimanin miliyan 7 ya yi wata 9 yana ci. Cikin 1990 a garin Hagersville na Kanada wuta ta yi kwana 17 cikin tayoyi fiye da miliyan 12, har aka kwashe mutane daga gidajensu. A Kuwaiti, ƙasar Musulmi, an tara fiye da miliyan 40 a Sulaibiyya, gobara ta tashi a wurin cikin 2012, ta sake tashi cikin 2021, a shekarar ne aka gama kwashe su zuwa inda za a sarrafa su. Wannan na cikin ɓarnar da Suratur Rum, aya ta 41, ta ce hannayen mutane ne ke jawo ta a tudu da teku.

Hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa ya kafa mana ƙa'ida cewa Musulunci bai yarda da cuta ko cutarwa ba. Bisa wannan ƙa'ida malaman Malikiyya tun da daɗewa suka hukunta a hana mutum kafa tanda in hayaƙinta zai cuci maƙwabta. In hayaƙin itacen gashin burodi ya kai ga haka, ina ga na taya?

Darasin fatar mushe

Ya ku ƴan uwa, ina mafita? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wata tunkiya da ta mutu, wadda aka ba wata baiwar Nana Maimuna (R.A.) sadaka. Sai ya tambaye su don me ba su amfana da fatarta ba. Suka ce ai mushe ce. Ya bayyana musu cewa cinta kaɗai aka haramta. Malamai sun yi bayanin iyakar amfani da irin wannan fata bayan an jeme ta, amma darasin da muke nufi a fili yake: mutuwar abu ta fuska guda ba ita ce ƙarewar amfaninsa ba. Wannan shi ne Annabin da Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin yana ɗinke takalminsa, yana yi wa tufarsa maho. Shi ne kuma ya sanar da mu cewa Allah na ƙin tozarta dukiya, kuma Suratul Isra'i ta danganta almubazzarai da shaiɗanu.

Tayar da ta ƙare bisa hanya tamkar wannan tunkiya take: hawanta ya zama haɗari, amma jikinta dukiya ne. A masana'antu ana kankare fuskar tayar babbar mota in gangar jikinta na da lafiya, a manna mata sabuwa da zafi da matsi, man da ake kashewa kuwa bai wuce sulusin na sabuwa ba. Tayoyin jiragen sama haka ake sabunta su sau da yawa. Wannan aiki ne na gaskiya, ba shi da haɗi da sassaƙar ha'inci da muka ambata. Wadda ba ta gyaruwa ana niƙe ta, a zare ƙarfen da maganaɗisu, garin robar a cuɗa shi da kwalta, ko a yi daɓen filin wasa da tubalan shimfiɗa, kamar yadda ake yi a birnin Ibadan. Masana'antun siminti na sa ta cikin murhun da zafinsa ke kai digiri 1,450, inda take cinyewa ƙurmus, ba irin ƙonawar bakin titi ba. Tarayyar Turai ta hana binne taya sukutum a juji tun 2003, da yankakkiya tun 2006. Faransa kuwa tun 2002 ta wajabta wa masu yin taya da masu shigo da ita su kwashe tsofaffin.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai, ko layin masu sana'ar hannu a Maraɗi da Damagaram, zai ga abin da ake fiddawa daga taya: takalman da makiyayi ke shiga ƙaya da su, da igiyar ɗaurin kaya, da guga, da komin shayar da dabbobi, da kujeru. Waɗannan bayin Allah, tare da masu faci da ke tsawaita kwanan taya, suna cin halal, suna kuma ɗauke wa gari cuta. Bai dace a raina su ba. Taya tana tsare dashen itace daga awaki. In an cika ta da ƙasa da duwatsu aka jera, tana tare zaizayar ƙasa a bakin gebe. Sharaɗi dai a huda ta ko a cike ta don kada ruwa ya kwanta, kuma kada a mayar da ita mazubin ajiyar ruwan sha.

Abin da ya hau kanmu

Mai gida ya zagaya gidansa kafin damina, ya duba bisa rufi da bayan ɗaki, duk tayar da ya gani ya huda ta, ko ya sa ta inda ruwa ba ya kai, ko ya ba mai sana'a. Mai sayarwa ya faɗi shekarun taya da aibinta, wadda ta mutu ya sayar da ita da sunan matacciya ga masu yanka. Shugabannin tasha su hana motar da tayarta ta suɗe ɗaukar fasinja, ko ta wane ce. Sarakunan fawa su tsaya a kan babbaka da itace ko gas. Matasa su sani, hayaƙin da suka tayar bisa titi cikin huhun iyayensu da ƙannensu yake sauka. Masu hali su sa jari cikin wannan sana'a su ɗauki samari aiki. Hukumomi su tsare iyaka daga sharar da ake shigowa da ita da sunan haja, magadan gari su keɓe wuraren tarawa nesa da gidaje da wuta, masana kuma su duba ko masana'antar siminti irin ta Malbaza za ta iya amfana da abin da aka tara. Limamai da kwamitocin masallatai su sa ranar gayya a unguwa, domin kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kamar yadda ya tabbata cikin Sahihu Muslim.

Hausawa na zargin wanda ya ci moriyar ganga ya yada kwaurenta. Mumini ba haka yake da ni'imar Ubangijinsa ba. Yana karɓarta da godiya, ya more ta da adalci, ya rabu da ita ba tare da ya bar wa maƙwabcinsa ciwo ba.

Allah Ya sa mu cikin masu gyara, Ya nisanta mu daga masu ɓarna. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu bisa hanyoyi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah Ya sa albarka cikin sana'o'inmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya tare da sauran ƙasashen Musulmi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani.